JAWABIN SHUGABAR MATA KAN DASHEN ITATUWA NA BANA

Iyayena, yayyena da ƙannena mata na Ikara da Makarfi da Kudan, barkanmu da shigowar damina. Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya, ya ba mu amfani mai albarka. Wannan shi ne bayanin da na yi wa shugabannin mata na mazaɓu a zamanmu na ƙarshe, na sa an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wadda ta karanta ta taimaka ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta da babbar waya, ko ta ɗauka mata da murya.

Maganar dashen itatuwa ce. Na san da jin haka wasu za su ce to, ai mun saba. Kuma gaskiya ne mun saba. Duk shekara idan ruwa ya zauna akan kira mu, a kafa rumfa, a jera kujeru, mu sha anko mu cika fili. Babban baƙo ya zo a miƙa masa sabon shebur, ya zuba ƙasa sau biyu, a tsiyaya ruwa, a ɗauki hoto, mu rangaɗa guɗa, a raba lemo a watse. Don Allah wadda ta taɓa komawa irin wurin nan bayan wata shida ta faɗa mini abin da ta tarar. Rami ne kawai, in an yi sa'a da ɗan busasshen tsinke a tsakiya. Ba na kiran sunan kowa, domin abin bai tsaya a kan gwamnati ɗaya ko gari ɗaya ba, haka ake yi kusan ko'ina.

Ni abin da nake so mu fahimta a bana abu ɗaya ne. Bishiya ba ranar dashe take mutuwa ba. A watan Agusta ko sanda kika soka a ƙasa sai ta yi kamar za ta tsiro. Mutuwarta tana zuwa ne daga baya: lokacin da aka gama girbi aka saki awaki, sai kuma Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ke ƙuna, rijiya ta ja baya, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. A wannan lokacin babu rumfa, babu mai ɗaukar hoto, babu babban baƙo. Wa ke gida? Mu ne. Mu mata mun fi kowa sanin bambancin ranar suna da raino. Ranar suna gida cike yake, amma daren da yaro ke zazzaɓi uwa ce kaɗai a zaune. To dashe suna ne, mu kuma bana aikin raino za mu ɗauka.

Ba wai hukuma ba ta yin komai ba ne, kada a fahimce ni a karkace. A zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i an yi shirin Keep Kaduna Green, da burin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara. Akwai kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, na dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma jiharmu tana ciki. Sannan ga babban shirin nan na kafa shingen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015. Jihohi 11 aka ware tun farko a matsayin na bakin hamada, akwai Kano da Katsina a ciki, babu Kaduna. Amma ku da kanku kun san daga nan zuwa ƙasar Kano ko ta Katsina tafiyar babur ce. Iska ba ta tsayawa a kan iyaka ta tambayi wace jiha ce wannan. Duk waɗannan shirye-shirye lissafinsu na miliyoyi ne, kuma lissafin abin da aka dasa ne. Lissafin abin da ya rayu shi ne ba kasafai muke ji ba.

Wata za ta ce, Hajiya, muna fama da abin sawa a tukunya, ina ruwanmu da bishiya? Ai kuwa da ruwanmu, kuma tukunyar ce ma ta sa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda gas ya koma. Gidaje da yawa da suka fara amfani da shi sun jingine tukunyar a lungu sun koma gawayi da itace. Mai ƙosai, mai awara, mai waina, mai tuwon sayarwa, ku tambaye su nawa suke kashewa a itace kafin su ga ribar sisi. Ƙullin da a da za ki dafa abincin rana da na dare, yanzu ko wake ba zai nuna da shi ba. A ƙauyukanmu kuma 'yan mata ne ake turawa neman itace, kullum tafiyar tana ƙara nisa, kuma da halin da ake ciki na tsaro babu uwar da hankalinta ke kwance idan 'yarta ta yi nisa a daji. Wata yarinyar ma makarantar safe take rasawa saboda wannan.

Sai zafi. Ku tuna azumin 2024 da ya faɗo a Maris da Afrilu. Maza suna iya fita su nemi inuwa a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa. Mace fa? Tana cikin gida, ɗaki rufin kwano, tsakar gida siminti, babu wuta balle fanka, ga goyo ga girkin buɗa-baki. Tsofaffinmu da masu ciki da jarirai su ne suka fi jigata. Mun rushe ginin ƙasa mun yi na bulo, mun ce ci gaba, kuma ci gaban ne, amma mun sare darbejiyar tsakar gida don a fitar da ɗaki ɗaya na haya, sai gidan ya koma kamar tanda. Duk wadda ta taɓa shiga gidan da ke da babban mangwaro a tsakiya da rana tsaka ta san ba sai an yi mata bayani ba.

Ga kuma iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas ta kwashe rufin makarantu da gidaje. Duk shekara sai mun bi mutane jaje. Inda akwai jerin itatuwa, su ne ke karya ƙarfinta kafin ta iso kan kwano.

Kuma mu fa ba baƙin bishiya ba ne. Ku dubi sunayen wurarenmu. A cikin birnin Zariya akwai Rimin Doko, akwai Rimin Tsiwa. Nan Ikara muna da Kurmin Kogi, wadda ta fito daga can ta zauna da tsofaffi ta tambaye su yadda wurin yake lokacin ƙuruciyarsu. Kakanninmu idan suna sharar gona ba sa taɓa ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, saboda sun san miyar gidan daga nan take fitowa. Kalwa ta zama daddawa, ƙwarar kaɗanya ta zama man kaɗe, kuka ta shiga miya, tsamiya ta shiga kunu. Kuma dukansu sana'ar mata ce. Duk ɗorawar da aka kayar aka yi gawayi da ita, jarin wata mata aka ƙone, ko an sani ko ba a sani ba. Kaɗanya kuwa sai ta kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Mai gawayi cikin yini ɗaya zai gama da ita.

Bari in ba ku labarin wurare biyu da abin ya yiwu, don kada ku ce mafarki nake yi.

Na farko 'yan uwanmu Hausawa ne, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba, ruwan da suke samu a shekara wajen rabin namu ne. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970, an kashe kuɗi mai yawa ana dasa musu itatuwa, yawanci suna mutuwa, rana ta kashe wasu, dabbobi su cinye wasu. Akwai wani Bature ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke wannan aiki a can. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ke tsirowa a gonaki, waɗanda manoma ke sarewa su ƙone duk shekara lokacin shara, ba ciyawa ba ne. Kututturen tsofaffin itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa, suna ta ƙoƙarin dawowa. Sai aka fara nuna wa manoma cewa maimakon a sare duka, a zaɓi reshe uku zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Tun da saiwar tsohuwa ce kuma ta yi nisa a ƙasa, ba ta neman ban-ruwa, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya. Su can suna kiran abin sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Kuma akwai wata matsala: a lokacin manomi yana ganin bishiya ta gwamnati ce, idan ya taɓa ta malaman daji su ci shi tara, don haka gara ya kashe ta tun tana ƙarama. Da mutane suka tabbatar cewa wadda suka rena tasu ce, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a yankunan Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da ƙasa kusan hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba tare da rumfa ba. Kuma matan can suna cikin waɗanda suka fi cin moriya, domin rassan da ake sassabewa duk shekara su ne itacen girki, a bakin gona, ba sai an shiga daji ba.

Wannan ku kai wa mazajenku da 'ya'yanku, kuma masu gonakin kansu a cikinmu ku fara da kanku. Bana kafin a gama noma na biyu, a duba gona. Inda aka ga tsiron gawo ko ɗorawa ko kalgo ko marke, a bar shi, a ɗaura masa tsumma don masu aikin ƙwadago su gane. Gawo musamman, shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa masara rana, ganyen ya zama taki a gindinsa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Da tsadar takin zamani a yanzu, wanda ya sare gawo a gonarsa ya yi wa aljihunsa illa.

Na biyu mace ce, 'yar ƙasar Kenya, Wangari Maathai. A 1977 ta fara da bishiya bakwai a birnin Nairobi, saboda koken da ta ji daga matan karkara, irin namu sak: babu itace, ruwa ya yi nisa, abinci ya ragu. Ta haɗa mata ƙungiya-ƙungiya suna renon iri da kansu a gwangwanaye da tsofaffin kwanuka. Abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne ɗan ihsanin da ake ba mace ba ranar dashe ake ba ta ba. Sai an dawo an duba an ga bishiyar ta rayu. Ƙungiyar tata ta dasa fiye da miliyan 50, kuma a 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ta rasu a 2011. Ta sha duka da ɗauri a kan wannan aiki, mu kuwa babu mai dukanmu, awaki ne kawai abokan faɗanmu.

To yanzu ga abin da muka tsayar.

Ƙananan hukumominmu uku, kowace tana da mazaɓu 10, mazaɓu 30 ke nan. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta samo mata 50 da suka yarda da bakinsu, ba waɗanda aka rubuta sunansu suna barci ba. Kowace mace bishiya biyu. Dubu uku ke nan gaba ɗaya. Na san wani zai yi dariya ya ce ana maganar miliyan kuna maganar dubu uku. A bar shi ya dara. Mu kowace ɗaya a cikin namu tana da uwa, an san sunanta, an san gidanta.

Biyun nan, ɗaya ta ci ɗaya ta inuwa. Ta ci, ki zaɓi abin da gidanki ke so: zogale, gwanda, gwaiba, lemo, yazawa ko mangwaro. Mai gaggawa ta sa zogale ko gwanda, kafin shekara ta zagayo kin fara amfana, zogale ma reshensa kawai za ki yanko ki dasa. In mangwaro ne, ki nemi mai aure, shi a shekara uku zuwa huɗu yake fara 'ya'ya kuma ba ya yin girman da zai cinye tsakar gida. Na ƙwallo yana daɗewa. Ta inuwa kuwa, babu kamar darbejiya wajen jure fari. Asalinta daga ƙasar Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, amma ta zama 'yar gida. Turare kam ban ba ku shawara a cikin gida ba, yana da shan ruwa, kada a sa shi kusa da rijiya ko a fadamar da ake rake da tumatir.

Wajen wuri, ku yi tunani kafin ku haƙa, don abin da ke sa maigida ya sa gatari bayan shekara biyar shi ne an dasa a inda bai dace ba. Babbar bishiya ta yi nesa da bango da shadda da rijiya, aƙalla taku shida zuwa takwas. Kada a sa ta ƙarƙashin wayar lantarki. In da hali a sa ta yamma da ɗaki, domin ranar la'asar ce ke gasa bango har dare ya ƙi sanyi. Wadda gidanta ƙarami ne ta sa gwanda ko zogale a ciki, ta inuwar kuma a ƙofar gida, bayan an yi magana da maƙwabta da mai unguwa.

Ramin ya kai kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. Ki cuɗa ƙasar da kika haƙo da takin gida wanda ya riga ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ki yage ledar da aka reno dashen a ciki, a hankali, kada ƙasar jikin saiwar ta warwatse. Wannan maganar leda kada ku raina ta, wallahi na ga inda aka binne dashe da ledarsa, aka zo ana cewa iri ne ba shi da kyau. Ki dasa da yamma, ki danna ƙasar da ƙafa, ki bar ɗan kwari a gindin yadda ruwa zai tsaya. Kuma lokacin yanzu ne, daga nan zuwa farkon Agusta. Ruwanmu a farkon Oktoba yake ɗaukewa, dashen da aka yi a Satumba bai kama ƙasa ba rani zai same shi.

Shinge ranar dashe ake yin sa, ba gobe ba. Akuya ba ta san gobe ba. Ƙaya, tsofaffin bulo a jera da 'yan ƙofofin iska, kwandon da gindinsa ya fita, karan dawa da aka ɗaure sosai, duk suna yi. Ya fi tsayin akuya idan ta miƙe a ƙafa biyu, domin kun san halinta. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, awakin nan da tumakin yawanci namu ne, mu mata. Ba zai yiwu ki rena taki a cikin gida ba, ki saki akuyarki ta cinye ta maƙwabciya a waje.

Ruwa shi ne babbar magana. Babu wadda zan ce ta sayi jarka don bishiya alhali yara ba su sha ba. Amma ku lissafa ruwan da ke bin rariya a gidajenmu kullum. Alwala sau biyar, ke da maigida da yara. Ki ajiye tsohon bokiti ko roba a wurin alwala, abin da ya taru ya ishi ƙaramar bishiya biyu. Ruwan wanke shinkafa da na wanke kayan miya da ruwan ɗauraya na ƙarshe, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne mai omo da yawa, da mai bilic, da mai gishiri, da mai zafi. Gara ki ba ta ruwa sosai sau biyu ko uku a mako da ki riƙa yayyafa mata kullum, don saiwar ta bi ruwan zuwa ƙasa. Akwai kuma dabarar tulu: ki binne ƙaramin tulun ƙasa a gefenta har wuya, ki cika ki rufe bakin, zai riƙa tsatsafo mata a hankali kwana da kwanaki. In babu tulu, robar lemo da aka huda da allura tana yi. Ki rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, mutanen Makarfi da Kudan kuma ga tukar rake nan a banza a wuraren da ake mazarƙwaila. Sai dai kada ya taɓa jikin bishiyar, saboda gara. In kin ga gara ta fara, ki barbaɗa toka.

A zaman namu an yi tambayoyi, wasu sun cancanci kowa ya ji.

Wata ta ce gidan haya take. Ki nemi izinin mai gida, in ya ƙi ki sa zogale ko gwanda a buhu ko tsohon bokiti, ko ki haɗa kai da wasu ku ɗauki na makarantar Islamiyyarku ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Amma a rubuta sunan mai kula, domin bishiyar kowa da kowa ita ce ta fara mutuwa.

Wata ta ce maigida ba zai yarda ba, yana cewa bishiya na kawo sauro da macizai. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsofaffin gwangwanaye da tayoyi, ba a jikin bishiya ba. Maciji kuma tarkace da duhuwa yake bi, in ana share gindin ana rage rassan ƙasa babu abin da zai zaunar da shi. Ku yi magana da su cikin ladabi, a lokacin da ya dace, kun fi ni sanin lokacin. Kada wadda ta je ta ce shugabar mata ce ta ce, ta haɗa ni faɗa da mijinta. Ki nemi yardarsa, in ya yiwu ma shi zai haƙa ramin, don wanda ya yi gumi a kan abu ba ya saurin sare shi.

Wata dattijuwa kuma ta kawo maganar da ake yi cewa wanda ya dasa bishiya ba ya kaiwa ga cin 'ya'yanta. Iya, da girmamawa, wannan camfi ne. Rai a hannun Allah yake. Mu da muka zauna a Islamiyya mun ji hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ma'anarsa ke nuna cewa abin da mutum ya dasa, duk mai ran da ya ci daga gare shi, ko tsuntsu ne, lada ce gare shi. Mangwaron da muka jefa muna yara, mun san wanda ya dasa shi?

Akwai kuma abin da za mu nema a wurin shugabanni, kuma za mu nema da baki ɗaya, cikin mutunci. Mu ne ke bi gida-gida lokacin rajista, mu ne ke tsayuwa a layi tun asuba, don haka muna da bakin magana. Ga kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi, roƙonmu shi ne irin dashe ya iso a Yuni ko Yuli, ba sai damina ta tsufa ba, kuma a haɗa da na ci, ba na inuwa kaɗai ba. Kuɗin da za a kashe a hayar rumfa da kujeru da kiɗa, a rage a sayi waya ko kwanduna na shinge. In akwai wani ihsani da za a ba mata, a riƙe shi sai bayan bazara, a ba wadda tata ta rayu. Na san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba, har a cikinmu, amma shi ne daidai. Sannan duk inda aikin hanya ko na gini ya ci itatuwa, a sa a cikin yarjejeniyar ɗan kwangila cewa zai mayar kuma zai kula da su. Muna kuma so kowace ƙaramar hukuma ta samu wurin renon dashe mai aiki, a ɗauki mata su riƙa yi. Ilimin ba nesa yake ba, nan Samaru akwai cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma tashar binciken gandun daji.

Amma kada mu zauna jiran a kawo. Ƙwallon mangwaro, 'ya'yan gwanda, irin zogale da na darbejiya, duk a ƙofar gidajenmu suke. Ledar ruwan da ke toshe mana kwata, a yanke bakinta a huda gindin a cika da ƙasa, ta zama wurin reno. Yara suna son irin wannan aiki, ku ba kowane yaro tasa ya sa mata suna.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: wannan ba rabon kayan siyasa ba ne. In dashe ya zo hannunki, maƙwabciyar da ba tamu ba ce amma tana da wuri kuma za ta kula, ki ba ta. Wadda tamu ce amma kin san ko tukunyar fulawa ba za ta iya shayarwa ba, kada ki ba ta don kunya. Kuma kada in ji an kai dashe kasuwa.

Kowace shugabar mazaɓa ta sayi littafi mai shafi arba'in. A rubuta sunan mace, unguwarta, abin da ta dasa da ranar. Za mu zagaya sau uku: bayan sati biyu da dashe don a maye gurbin wanda bai kama ba tun da sauran ruwa, sai a watan Disamba mu duba shinge, sai kuma babbar ƙirga a farkon Mayu, kafin ruwan baɗi ya sauka. Wadda take da waya ta ɗauki hoto ranar dashe, ta sake ɗauka a wuri ɗaya ranar ƙirga. Abin da muka samu a Mayu shi za mu faɗa, ko da rabi ne, ba za mu ƙara ko ɗaya ba. Daga Paki zuwa Auchan, daga Gubuchi zuwa Gazara, daga Hunƙuyi zuwa Likoro, kowace mazaɓa za a karanta nata a gaban kowa.

Shugabannin mazaɓu, ina jiran sunayen mata 50 ɗinku nan da Juma'a biyu. Wadda ba ta cika 50 ba ta turo abin da ta samu, kada ta cike da sunayen bogi. Ku rubuta mini har da irin bishiyar da kowace ta zaɓa, don mu san abin da za mu nema da abin da za mu rena da kanmu. Masu tambaya su turo ta wajen shugabar mazaɓarsu, kada a cika zauren nan da saƙonni har muhimmin ya ɓace.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya.